Jan fenti a bango ba hukuncin kotu ba ne: abin da Dokar Filaye ta ce kan karɓe fili

Da zarar an wayi gari an ga jan fenti a bangon gidaje, ko masu awo sun shiga gonaki suna kafa turaku, maganar da ke fara zagawa a majalisu da zaurukan WhatsApp ba ta sauyawa: ƙasa ta gwamna ce, in ya ga dama ya karɓa, kuma doka ta hana kotu sa baki. Kafin a ankara wasu sun fara ɓalle ƙofofi da kwanon rufinsu da kansu, wasu sun sayar wa dillalai a kan kuɗin da bai kai na gini ba. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, shi ya sa take da wuyar kashewa. Amma mafi yawanta ba haka doka ta ce ba.

Dokar da ake nufi ita ce Dokar Amfani da Filaye, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa ranar 29 ga Maris, 1978. Sashe na 1 ya damƙa duk ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna, amma ya ce riƙon amana ne don amfanin 'yan Najeriya baki ɗaya. Ga Arewa ma wannan ba baƙon abu ba ne, domin dokar filaye ta Jihar Arewa ta 1962 kusan a kan wannan turbar take. Mai riƙon amana kuwa ba mai dukiya ba ne, kuma dokar da ta ba shi riƙon ita ce ta gindaya masa sharuɗɗan karɓa.

Kariyar ta shafi mai takardar mallaka ta gwamna, wadda ake kira C of O, da mai takardar ƙaramar hukuma, da wanda ya gaji gida ko gona tun kafin 1978 ba shi da ko ƙyallen takarda, domin sashe na 34 da na 36 sun ɗauke shi tamkar wanda aka ba izini. A Abuja minista ne ke madadin gwamna.

Sashe na 28 ne ya ba gwamna ikon soke haƙƙin mutum a kan fili, kuma ba don kowane dalili ba. Ko dai gwamnati na buƙatar wurin don amfanin jama'a, ko don haƙar ma'adinai da shimfiɗa bututun mai, ko kuma mai filin ya saɓa ƙa'ida. Sashe na 51 ya jero abin da ake kira amfanin jama'a: hanya, layin dogo, makaranta, tsaftar muhalli, tsara sabon gari, masana'antu da makamantansu. A karɓe gonar Malam wane a miƙa wa Alhaji wane don ya gina kantinsa ba ya cikin jerin. Kotun Ƙoli ta faɗi haka a shari'ar Osho da kamfanin Foreign Finance a 1991, ta kuma nuna cewa dole takardar sokewa ta bayyana dalilin da ya sa ake son filin. Sai dai kada a ɗauka duk inda aka ga kamfani mai zaman kansa shi ke nan an ci nasara. A shari'ar Lawson da Ajibulu ta 1997 kotun ta yarda gwamnati na iya bi ta hannun kamfani wajen aiwatar da aikin da asalinsa na jama'a ne. Ta wannan kafa ce rukunin gidajen haɗin gwiwar gwamnati da kamfanoni kan bi su wuce.

Inda gwamnatoci suka fi faɗuwa a kotu shi ne sanarwa. Sashe na 28(6) ya ce sokewar sai ta fito a rubuce da sa hannun jami'in da gwamna ya ba izini, kuma a isar da ita ga mai filin. Sashe na 28(7) ya ƙara da cewa haƙƙinsa ba ya faɗuwa sai ranar da takardar ta shiga hannunsa, ko wata rana ta gaba da aka ambata a ciki. Yadda za a isar ma sashe na 44 ya fayyace: a ba shi hannu da hannu, ko a bari a gidansa na ƙarshe da aka sani, ko a aika ta gidan waya da rajista. Liƙawa a jikin gini sai in an bincika an rasa sunansa ko adireshinsa. Sanarwar rediyo ba ta cikin wannan jeri, haka saƙon baka ta bakin mai unguwa, balle jan fenti. Ko bugawa a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, kaɗai bai wadatar ba, kamar yadda Kotun Ƙoli ta nuna a 2006 a shari'ar CSS Bookshops kan wani fili a Fatakwal. In ba a bi wannan ba, sokewar ta ɓaci tun daga tushe, takardar da aka ba sabon mai fili ita ma ta bi ruwa.

To daga ina maganar “kotu ba ta da hurumi” ta samo asali? Daga sashe na 47(2). Shi ne ya ce babu kotun da za ta binciki yawan diyya ko isarta. Sashe na 30 kuma ya tura duk saɓanin diyya gaban Kwamitin Rabon Filaye na jiha. A lura da kyau, ko a zahirin lafazinsa sashen bai hana ƙalubalantar sokewar kanta ba. Sashe na 39 ma ƙarara ya ba Babbar Kotun Jiha hurumin sauraron rigingimun filayen da ke ƙarƙashin takardar gwamna. Adadin kuɗi kaɗai aka so a kange.

Wannan shingen ma ya sha suka. Sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce ba za a karɓi dukiyar kowa da ƙarfi ba sai ta hanyar dokar da ta tanadi biyan diyya cikin gaggawa, ta kuma ba shi damar zuwa kotu ko wata majalisar shari'a don a tantance haƙƙinsa da adadin diyyar. Lauyoyin gwamnati kan kafa hujja da sashe na 315(5), wanda ya saka Dokar Filaye cikin dokokin da ba a gyara su sai ta hanyar da ake gyara Kundin. Amma tun 1984, lokacin Kundin 1979 mai irin wannan tanadi, a shari'ar Nkwocha da Gwamnan Anambra, Kotun Ƙoli ta ce wannan bai mayar da dokar wani ɓangare na Kundin ba. A 1986 kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar Kanada da Gwamnan Kaduna, ta ce sashe na 47(2) bai da ƙarfi inda ya ci karo da Kundin. Dalilin a fili yake. Gwamna ne ke naɗa 'yan kwamitin nan, shi ya karɓi filin, shi ne zai biya. A ce wanda ake ƙara shi ne zai zaɓi alƙali, wannan ko a zauren dagaci ba za a kira shi shari'a ba. Abin da lauyoyi masu taka-tsantsan ke yi shi ne su fara kai kuka gaban kwamitin a rubuce, don kada a ce an tsallake mataki, sannan su wuce kotu.

Diyyar kanta ce ta fi ciwo, kuma a nan jita-jitar ta fi kusa da gaskiya. Sashe na 29 ba ya biyan kuɗin ƙasa. Abin da ke kanta yake biya. Gini ana ƙiyasta kuɗin sake yin irinsa, a cire tsufa, a ƙara ruwa bisa ƙimar banki in an yi jinkirin biya. Amfanin gona da itatuwa kuma bisa farashin da jami'in gwamnati ya tsayar. Ita ƙasar, iyakarta kuɗin hayar da mai ita ya biya gwamnati a shekarar da aka soke. Manomin da gari ya cim ma gonarsa, wadda dillalai ke tayawa miliyoyi, zai iya tashi da kuɗin dawa da 'yan bishiyoyin mangwaro, bayan shekara ya ga an yanka ta fuloti-fuloti ana sayarwa. Doka ce, amma da wuya a kira ta adalci. In ƙaramar hukuma ce ta karɓi gonar, sashe na 6(6) ya wajabta mata ba shi wata a madadin, abin da manoma ƙalilan ne suka sani balle su nema. Wanda aka yi wa tayin wani gida maimakon kuɗi kuma ya karanta sashe na 33 kafin ya sa hannu: in ya karɓa ya rufe ƙofar neman ƙari, in kuma sabon ya fi tsohon daraja, rarar bashi ce a kansa.

Akwai kuma sokewar da ba diyya ko sisi, wato ta horo. Wanda ya sayar ko ya jinginar da fili mai takardar gwamna ba tare da amincewar gwamna ba ya saɓa sashe na 22, haka wanda ya karya sharaɗin da ke jikin takardarsa, kamar ƙin biyan kuɗin ƙasa, ƙin gini cikin wa'adi, ko mayar da gidan zama kantuna babu izini. Masu fulotin awon igiya su ma matsayinsu na da rauni, domin takardar cinikin da mai unguwa ya sa wa hannu shaidar ciniki ce, ba izinin gini ba. Wanda ya hau kan magudanar ruwa ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki, sashe na 28 ba zai cece shi ba. Duk da haka yana da haƙƙin a sanar da shi a kuma saurare shi kafin katafila ta iso.

Ba mai fili kaɗai ke da bakin magana ba. Sau da yawa ba a taɓa gidan kowa ba, filin makarantar unguwa aka yanka, ko maƙabarta, ko kududdufin da ke shanye ruwan damina, ko aka ba da izinin gidan mai a tsakiyar gidaje. An saba cewa irin wannan sai Antoni Janar ne zai iya kai ƙara. Kotun Ƙoli ta rushe wannan a 1991 a shari'ar Adediran da kamfanin Interland Transport, inda mazauna rukunin gidajen Ire-Akari a Legas suka yi ƙarar kamfanin da tirelolinsa suka toshe musu hanyoyi. Kotun ta ce mazauna na iya shigar da ƙara da kansu, muddin za su nuna cutarwar da ta same su. A 2018 ma ta buɗe wa ƙungiyoyin sa-kai ƙofa a shari'ar Centre for Oil Pollution Watch da NNPC. Tsara birane kuwa hurumin jihohi ne tun hukuncin 2003 tsakanin Legas da Gwamnatin Tarayya, don haka dokar da za a duba ita ce ta hukumar jiharku, KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna, da takwarorinsu.

Aikin farko ba na lauya ba ne. A ɗauki hoton fentin da turakun da kwanan wata. A tattara duk wata takarda: ta mallaka, ta gado, rasit ɗin kuɗin ƙasa, izinin gini, har da tsohon bil ɗin wuta mai nuna daɗewar zama. A samo ƙwararren mai ƙiyasta kadara mai rajista ya auna gine-gine ya ƙirga itatuwa tun suna tsaye, domin bayan rusau ba abin da za a auna sai ɓaraguzai. A zauna a zaɓi mutum uku zuwa biyar da za su wakilci unguwa, a rubuta sunayen waɗanda suka wakilta su, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Ƙarar wakilci da dama kan wargaje ne a ranar da wasu suka miƙe a kotu suka ce ba da yawunsu aka zo ba. Sai a rubuta wa ma'aikatar ƙasa da hukumar tsara birane takardar ƙorafi, a tabbata an buga wa kwafin hatimin karɓa. A cikinta a nemi ganin takardar sokewa, da taswirar tsarin unguwar da aka amince da ita, da izinin sauya amfanin filin. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, wanda aka hana kuma yana da kwana 30 ya kai ƙara. In babban aiki ne, a tambayi rahoton tasirinsa ga muhalli, wanda dokar 1992 ta ce a baje shi jama'a su gani su yi tsokaci.

Lokaci ne ke kashe yawancin irin waɗannan ƙararraki, ba rashin gaskiya ba. Dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata 3 kacal a kai ƙarar jami'i kan aikinsa. Kotuna sun sha cewa ba ta shafi ƙarar neman fili ba, amma babu hikima a tsaya gwada sa'a, tunda ita ce hujjar farko da lauyan gwamnati zai ɗaga. Dokokin hukumomi da yawa kuma sun ce a ba su sanarwar niyyar kai ƙara tukuna, galibi ta wata guda. Watanni biyun da aka ɓata ana zarya gidan ɗan majalisa da fadar hakimi suna cikin lissafi. A yi zaryar, tana da amfani, amma takarda na tafiya a gefe. Masu ƙaramin ƙarfi na iya tuntuɓar Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, duk da cewa ƙorafi a can ba ya tsayar da agogon kotu.

Tare da ƙarar a nemi umarnin dakatar da aiki, a kuma tabbata an kai wa hukumar sammaci hannu da hannu. Tun shari'ar Gwamnan Soja na Legas da Ojukwu a 1986 Kotun Ƙoli ta ce gwamnati ba ta da ikon amfani da ƙarfi a kan abin da ke gaban alƙali. Ba kullum ake jin wannan ba, kowa ya sani. Amma rusau ba bisa ƙa'ida ba yana da tsada. Bayan rushe shagunan Filin Idi a Kano a 2023, Babbar Kotun Tarayya ta yanke wa masu shagunan diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3.

Ranar biyan diyya kuma a karanta takardar da aka miƙo kafin a dangwala. In an rubuta cewa wannan shi ne cikakken biya na ƙarshe, wanda ya sa hannu ya yafe sauran. Mai niyyar ci gaba da neman haƙƙinsa ya sa lauyansa ya rubuta wa hukumar tun kafin ranar cewa zai karɓa ne a matsayin wani ɓangare, ya riƙe kwafi mai hatimi.