Baye-bayen Ruhu da Tsarin Shugabanci a Ikilisiya

A koyarwar Kirista, baye-bayen Ruhu su ne iyawa ta musamman da aka yi imani Ruhu Mai Tsarki yana ba mai bi domin amfanin jama'a, kamar annabci, warkarwa, koyarwa da magana da harsuna, wato furta addu'a ko saƙo da harshen da mai maganar bai taɓa koya ba. Tsarin shugabanci kuwa shi ne jerin muƙaman da ikilisiya ke naɗawa, wato bishop, dattijo, dikin da sauransu. Tun ƙarni na farko ake kai ruwa rana tsakanin abubuwan nan biyu. Muƙami mutane ne ke ba da shi, suna kuma iya karɓe abinsu. Mai baiwa kuwa cewa yake daga sama aka ba shi.

Zamanin manzanni

Bayani mafi tsufa a kan batun yana cikin wasiƙar farko da Manzo Bulus ya aika wa Korintiyawa daga Afisa, tsakanin shekara ta 53 da ta 55 miladiyya. A sura ta 12 ya lissafa baye-baye tara, sannan ya jera manzanni a farko, annabawa na biyu, masu koyarwa na uku. Bai ambaci bishop ko dattijo ba ko sau ɗaya. A gidajen mutane ake taruwa a lokacin, kowa ya zo da waƙarsa ko koyarwarsa ko wahayinsa, kuma da alama hayaniya ta yi yawa. Shi ya sa a sura ta 14 ya kafa ƙa'ida: masu magana da harsuna kada su wuce biyu ko uku, su yi bi da bi, in babu mai fassara su yi shiru. Annabawa ma biyu ko uku, sauran jama'a su auna abin da suka faɗa.

Muƙamai ma sun fara tsira tun a lokacin, sai dai sunayensu ba su zauna ba. A Urushalima an zaɓi mutum bakwai, cikinsu har da Istifanus, bayan ƙorafin cewa ana tsallake gwauraye mata masu jin Helenanci wajen rabon abinci. A littafin Ayyukan Manzanni sura ta 20, mutanen da aka kira dattawan Afisa su ne kuma aka kira masu kula da ikilisiya. Kalmar Helenanci ta mai kula ita ce episkopos, wadda ta zama bishop. Ke nan da farko dattijo da bishop kusan abu ɗaya ne.

Yadda muƙami ya rinjayi baiwa

Wani ɗan littafin koyarwa da ake kira Didake, na ƙarshen ƙarni na farko ko farkon na biyu, ya nuna matsalar a fili. Akwai manzanni da annabawa masu yawo gari gari, kuma ba dukansu ne na ƙwarai ba. Dokar da littafin ya gindaya ta masu gida ce da baƙi suka ishe su: a saukar da baƙon kwana ɗaya, in da larura biyu, in ya kai uku annabin ƙarya ne, in ya nemi kuɗi ma haka. Sannan ya umarci jama'a su zaɓa wa kansu bishop-bishop da dikinoni, domin su ma suna yin aikin annabawa da masu koyarwa.

Wajen shekara ta 96 ikilisiyar Roma ta rubuta wa ta Koranti tana tsawata mata saboda ta tsige dattawanta. A farkon ƙarni na biyu Ignatiyus na Antakiya, a kan hanyarsa ta zuwa Roma inda aka kashe shi, ya rubuta wasiƙu yana nanata matakai uku: bishop ɗaya a kowane gari, dattawa a ƙarƙashinsa, sai dikinoni, kuma kada a yi baftisma ko jibin Ubangiji ba da yardar bishop ba.

Abin da ya ƙara taurara lamarin shi ne tashin Montanus a Firijiya, cikin Turkiyya ta yau, a rabin ƙarshe na ƙarni na biyu. Shi da wasu mata biyu, Firiskila da Maksimila, suka ce Ruhu yana magana ta bakinsu kai tsaye. Sun ja jama'a, har babban malamin nan Tartuliyan na Arewacin Afirka ya karkata gare su. Bishop-bishop na yankin suka taru suka yi watsi da su. Daga nan aka fara yi wa duk mai da'awar annabci kallon tuhuma.

A shekara ta 251 Bishop Karniliyus na Roma ya lissafa ma'aikatan ikilisiyarsa: dattawa 46, dikinoni 7, mataimakan dikinoni 7, masu hidimar bagade 42, sai mutum 52 da suka haɗa da masu fitar da aljanu, masu karatu da masu tsaron ƙofa. Fitar da aljanu, wanda dā baiwa ce, ya zama gurbin aiki da ake naɗa mutum. Babban taron bishop-bishop na Nikiya a 325 ya tabbatar da fifikon bishop-bishop na Roma, Iskandariyya da Antakiya. Kafin ƙarshen ƙarni na huɗu, fitaccen mai wa'azi Yohanna Kirisostom na cewa sura ta 12 ta Korintiyawa tana da wuyar ganewa, don abubuwan da take magana a kai sun daina faruwa.

Ɗarikun zamani

Katolika, Otodoks da Angilika sun riƙe matakan Ignatiyus. Martin Luther ya koyar a 1520 cewa duk mai bi firist ne, John Calvin kuma ya tsara ikilisiyar Janiba a 1541 bisa muƙamai huɗu: fasto, malami, dattijo da dikin. 'Yan Baptis suka bar iko a hannun taron membobi. Da yawa daga cikin waɗannan ɗariku sun tafi a kan cewa harsuna da annabci sun ƙare da mutuwar manzanni.

Wannan ra'ayi ne 'yan Fentikostal suka ƙalubalanta. A 1901 ɗaliban Charles Parham a Topeka ta jihar Kansas suka fara magana da harsuna, a 1906 kuma William Seymour, ɗan 'yantattun bayi, ya jagoranci farkawar Titin Azusa a Los Angeles. Shekara takwas kacal bayan haka aka kafa ɗarikar Fentikostal ta Assemblies of God, da majalisa da takardar shaidar fasto. Guguwar ta shiga Katolika a 1967 ta Jami'ar Duquesne a Amurka, bayan babban taron Fadar Fafaroma na 1962 zuwa 1965 ya amince da baye-baye, ya kuma bar tantance su a hannun shugabanni.

A Najeriya ana ganin fuskokin duka. ECWA, wadda ta fito daga aikin mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) a 1954 kuma hedikwatarta ke Jos, majalisu ne ke tafiyar da ita tun daga dattawan majami'a har zuwa babbar majalisa. Farkawar warkarwa ta Joseph Ayo Babalola a Ilesha a 1930 ita ce ta haɓaka Christ Apostolic Church. Benson Idahosa na birnin Benin, wanda ya yi suna da wa'azin warkarwa da mu'ujizai, muƙamin babban bishop yake riƙe da shi lokacin da ya rasu a 1998.