Waliyyin mamaci: wa ke da ta cewa a kan gawa?

Idan aka yi rasuwa a gida, kafin ruwan wanka ya yi ɗumi tambayoyi sun taso. Wa zai shiga wankan? Wa zai ja sallah? A nan za a binne shi, ko a nemo mota a kai shi garinsu kusa da kabarin mahaifinsa? Yawanci wani babba ne zai ce a yi kaza, kowa ya bi, kafin la'asar an dawo daga maƙabarta. Wanda shari'a ta ba wa wannan matsayi shi malamai ke kira waliyyin mamaci. Kalmar ita ce dai waliyyin da muka sani a ɗaurin aure, wato makusancin da aka ɗora wa tsayawa a kan lamarin wani. Ba kuwa wanda ya kai mamaci buƙatar mai tsaya masa.

Gawa ba dukiya ba ce, ba ta cikin gado. Waliyyi bai mallake ta ba, amana ce aka ba shi ya kai ta makwancinta cikin mutunci. Shi ya sa kuɗin likkafani da na haƙa kabari ake fara fitarwa daga abin da mamaci ya bari, kafin bashi, kafin wasiyya, balle rabon gado.

A mazhabar Malikiyya da muke bi, ba mutum ɗaya ke riƙe da komai ba. Wajen wanka, miji da mata su ne kan gaba: matar tana da hakkin wanke mijinta ko da 'yan'uwansa na tsaye, kamar yadda Asma'u 'yar Umais ta wanke mijinta Sayyidina Abubakar. Wannan hakki ne da al'ada ta danne a wurare da yawa, har wasu na ganin kamar mutuwa ta mayar da matar baƙuwa a ɗakin. Wajen sallah kuwa, wanda mamaci ya yi wasiyya da shi saboda kyautata zaton addu'arsa shi ne farko, sai shugaban Musulmi, sai dangi na wajen uba bisa kusanci: ɗa, jika, uba, ɗan'uwa, ɗan ɗan'uwa, kaka, baffa. Sau da yawa abin da ake gani a ƙofar gida shi ne babban ɗa ya dubi liman ya ce, "Malam, bismillah." Hakkinsa ne ya miƙa, ba don ba shi da shi ba.

Rigimar ta fi tashi a kan wurin binnewa. Malamanmu sun halasta ɗaukar gawa zuwa wani gari idan akwai maslaha kuma ba za ta lalace ba. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas a Aƙiƙ ya rasu, aka ɗauko shi zuwa Madina. Amma shahidan Uhudu da aka fara kwasowa, Manzon Allah (SAW) cewa ya yi a mayar da su inda suka faɗi. Umarnin gaggauta jana'iza kuma yana sama da son ran kowa.

Dokar Ingila, wadda ƙasashe irin su Najeriya da Gana da Kenya da Zambiya suka gada, ita ma ta ce ba mai mallakar gawa, sai dai ta bi wata hanya. A wata shari'a ta 1882 kotu ta yanke cewa wanda aka naɗa ya zartar da wasiyya shi ke da hakkin karɓar gawa ya binne, kuma abin da mamaci ya rubuta game da jana'izarsa fata ne kawai, ba tilas ba. A Afirka sai dokar gargajiya ta shigo ta ƙara dagula lissafi. Lauyan nan na Kenya, S. M. Otieno, ɗan ƙabilar Luwo, ya rasu a Disamban 1986. Matarsa Wambui, 'yar Kikuyu, ta ce ya bar mata sallahun a binne shi a gonarsu da ke Ngong kusa da Nairobi. Danginsa na Umira Kager suka ce atafau sai ƙauye. Wata biyar gawar na ɗakin ajiya, daga ƙarshe kotun ɗaukaka ƙara ta ba dangi gaskiya, aka binne shi a Nyalgunga a Mayun 1987. Matar da ta zauna da shi sama da shekara 20 ba ta je wajen binnewar ba. Wannan hukunci yana yi mini ciwo duk lokacin da na tuna shi.

Wani lokaci gwamnati ce ke shigowa. Tsohon shugaban Zambiya Edgar Lungu ya rasu a Afirka ta Kudu ranar 5 ga Yuni 2025. Iyalinsa suka ce ya yi wasiyyar kada Shugaba Hakainde Hichilema ya kusanci gawarsa, suka shirya binne shi a Johannesbag. Ranar 25 ga Yuni, masu makoki sun riga sun taru a coci, kotu ta dakatar da jana'izar. A Agusta babbar kotun Pretoriya ta ce gwamnatin Zambiya na da ikon mayar da shi gida ta yi masa jana'izar ƙasa, domin tsohon shugaba na al'umma ne. Iyali suka ƙi yarda, suka ci gaba da shari'a, watanni suka yi ta shuɗewa mutumin bai kwanta a kabarinsa ba.

Ko talaka ma hukuma na iya shiga tsakaninsa da waliyyinsa. Idan mutuwar akwai zargi a cikinta, kisa ne ko mutuwa a hannun jami'an tsaro, doka ta ba da damar riƙe gawa don binciken likita, ko iyali sun so ko ba su so ba. Mutanenmu kan ce "mun bar wa Allah, a ba mu gawarmu", saboda tsoron jinkiri da yanka jikin mamaci, tsoron kuwa yana da tushe, tunda karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Amma sau da yawa da wannan gaggawar ake binne shaidar da za ta kama wanda ya yi kisan, a bar marayu ba diyya ba gaskiya. Waliyyi yana iya neman a hanzarta binciken, ya kawo likitan da ya aminta da shi ya tsaya a wurin, ya karɓi rahoton a rubuce kafin a ɗauki makara.