Kada mu jira wuya ta wuce kafin mu ɗanɗana daɗi

A bakin aiki nakan ga mutane da yawa masu ciwon kai da ba ya jin magani, ko faɗuwar gaba, ko barcin da ya ƙaurace wa ido. In an yi gwaje-gwaje ba a ga wata cuta ba, nakan yi tambaya ɗaya: yaushe rabonka da yin wani abu don kawai yana faranta maka rai? Yawancinsu sai su yi shiru. Wasu su ce, "Ai wannan sai an fita daga halin da ake ciki."

Wannan amsar tana damuna ƙwarai. Mun saba cewa bayan wuya sai daɗi, kuma haka ne, amma akwai wuyar da kan ɗauki shekaru: doguwar jinya, rashin aiki, bashi, rasuwar wanda ake ji da shi. Jiki ba ya iya jira har ta ƙare. Idan hankali ya tashi, jiki na sakin sinadaran adiranalin da kotizol, bugun zuciya ya ƙaru, tsokoki su ɗaure, mutum ya shirya gudu ko kare kansa. Wannan shiri na haɗarin ɗan lokaci ne. In ya zarce watanni sai ya taɓa barci da garkuwar jiki, ya kuma taimaka wa hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2022 cewa a shekarar farko ta annobar korona ciwon damuwa da fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a duniya.

Mai damuwa yakan janye jiki. Ya daina fita, ya daina kiran mutane, saboda ba ya jin sha'awa, rashin yin kuma ya ƙara kashe sha'awar. Masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa sun daɗe da gano cewa sau da yawa yin abu ne ke janyo sha'awarsa. Shi ya sa muke cewa ka zaɓi abu ƙarami, ka sa masa lokaci, ka yi shi ko ranka bai so ba. Ka taka ƙafa da safe hasken rana ya taɓa ka, ka kira abokin nan da kuke dariya tare, ko ka zauna ƙasa ka yi wasa da yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, kamar minti 30 sau biyar, amma wanda ya fara da minti 10 ma ya kama hanya.

In daɗin ya zo, ka tsaya masa. Ƙwaƙwalwa ta fi saurin riƙe abin tsoro, don haka kafin ka kwanta ka ajiye wayar da ke ta kwararo maka munanan labarai, ka tuna abu ɗaya mai kyau da ya faru yau.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne jin laifi. Uwa tana jinyar ɗanta, wani ya faɗi abin dariya ta dara, nan take ta tsuke fuska kamar ta ci amanarsa. 'Yar uwa, ba ki yi laifin komai ba. Baƙin ciki da farin ciki suna iya zama a zuciya ɗaya a wuni ɗaya, dariyar nan kuwa ba ta rage ƙaunarki gare shi ba. Hutun da ta ba jikinki da shi za ki tashi gobe ki ci gaba da kula da shi.

Sai dai akwai inda waɗannan ba su isa ba. Idan ƙuncin rai ya kai mako biyu kusan kullum, komai ya fita daga ranka, barci da cin abinci sun rikice, wannan na iya zama ciwon damuwa, kuma yana da magani. Ka je ka ga jami'in lafiya. Wanda kuwa ya fara tunanin kashe kansa, kada a tsaya ga ba shi haƙuri kawai, kada kuma a bar shi shi kaɗai. A raka shi asibiti a ranar.