Wai ƙona itacen daji ba ya ƙara ɗumamar yanayi?

Jama'a akwai maganar da ake ta yaɗawa, wai in an ƙona itace don samar da lantarki ba a ƙara iskar kabon mai ɗumama duniya a sama ba, tunda ai bishiya za ta sake tsirowa ta shanye hayaƙin. Don Allah mu tsaya mu duba ta da kyau.

A Ingila akwai tashar lantarki ta Drax a yankin Yorkshire, da can kwal take ƙonawa, yanzu kuma itace ne ake sarowa a kudancin ƙasar Amurka da Kanada a niƙe shi a matse shi ƴan ƙanana a loda a jirgin ruwa har can, kuma a lissafinsu hayaƙin da ke fita daga bututun tashar sifili ne, saboda ƙa'idar lissafin hayaƙi ta duniya ta ce a rubuta shi a ƙasar da aka yi saran. Alhali in ka auna da wutar da ake samu, kabon ɗin da itace ke fitarwa a bututu ya ma fi na kwal. Shi ya sa a 2018 masana kusan 800 suka rubuta wa majalisar Tarayyar Turai suna jan kunne.

Matsalar duk ta lokaci ce. Bishiyar da ta shekara hamsin tana tara kabon a jikinta, cikin ƴan mintuna ake ƙone ta, wadda aka dasa a madadinta kuwa sai ta yi shekaru gommai kafin ta shanye abin da aka saki, in ma ta rayu ke nan. Bashi ne aka ci yau, jikoki za su biya, kuma duk tsawon shekarun nan zafi na ta ƙaruwa.

Mu ma fa abin ya shafe mu, kowa na ganin motocin gawayi a hanya, kirya ake kayarwa tun daga gindi ga ta da jinkirin girma, kuma wa ke dasa wata? Ni ba na ganin laifin uwar da ke girki da ice, ba ta da zaɓi wallahi. Amma a sassari reshe a bar gindi, a bari icen ya bushe sosai kafin a hura, a nemi murhu mai tsimin ice don hayaƙin nan yana cin ƙirjin mata da yara. A gona kuma in kututture ya yi toho kar a tumɓuke, a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a rene su kamar yadda manoman Maraɗi da Damagaram ke yi da sassaben zamani.