Tukwanen Ginatiya

Tukwanen Ginatiya wani nau'in baƙaƙen tukwane ne masu sheƙi da Girkawa mazauna kudancin Italiya suka riƙa ginawa tun wajen shekara ta 370 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Sun samo sunan daga garin Ginatiya, wanda a yau ake kira Egnaziya a yankin Apuliya, domin a kaburburansa aka fara tono su da yawa a ƙarni na 19. Sai dai sunan ya ɗan yi kuskure: galibin masana na ganin a Taranto aka fara sana'ar, birnin da mutanen Sparta ta Girka suka kafa wajen shekara ta 706 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Baƙin da ke jikinsu ba fenti ba ne, ba kuma gilashi ba. Yumɓu ne mai sinadarin ƙarfe, a jiƙa shi a bar tsakinsa ya kwanta, a kwashi lallausan na sama a shafe tukunyar da shi. Sauran aikin na wuta ne. Da farko a bar iska tana shiga matoya, komai ya yi ja. Sannan a cusa ɗanyen itace a toshe ƙofofi, zafi ya kai kimanin digiri 950, hayaƙi ya mai da komai baƙi, shafen kuma ya narke ya liƙe. Da an sake buɗewa, inda ba a shafa ba sai ya koma ja, inda aka shafa kuwa iska ba ta ratsa shi, sai ya tabbata baƙi wuluk. In magini ya yi sakaci da wutar, tukunya ta fito da dabbare-dabbaren ja, kuma irin waɗannan suna nan a gidajen tarihi.

Mutanen Atina ne gwanayen wannan baƙi. Abin da maginan Apuliya suka shahara da shi shi ne zane a bisansa da fari da ja da rawaya, rawayar ma farin ne aka ɗan wanke da tsinkakken shafe. A kan kofin shan giya za a ga reshen inabi ya zagaye baki, nonnan 'ya'yansa na reto ɗigo-ɗigo, a tsakiya kuma fuskar 'yan wasan kwaikwayo a rataye, ko kan mace, ko kurciya. Zanen farko-farko ya fi ƙwarewa, har da mutane cikakku; daga baya aka koma ganye da ɗigo, ana kuma yi wa jikin tukunya tsaga-tsaga a tsaye don ta yi kama da ta azurfa ko tagulla.

Launukan ba su kama jiki kamar baƙin ba. Shi ya sa a yawancin waɗanda suka rage farin ya ɓanɓare, sai an karkata su ga haske ake hango inuwar ganyen.

An yi fataucinsu har Iskandariyya ta Masar. Bayan Rumawa sun ci Taranto a shekara ta 272 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka ci gaba da yin su na wani lokaci, amma adon yana ta raguwa.