Soyayya a labaran tsafi na matasa: tambayoyin da ake yawan yi min

Yara mata na unguwarmu a nan Garwa ta Kamaru sun san ina karanta irin labaran nan, shi ya sa duk wadda ta gama ɗaya a waya sai ta zo da tambaya, wani lokaci har da iyayensu. Ga waɗanda suka fi yawa da abin da nake ce musu.

Tambaya: Wai Anti menene ma labarin tsafi na matasa?

Amsa: Labari ne da ake rubuta wa 'yan shekara 12 zuwa 18, jarumar yawanci 'yar 16 ko 17 ce, duniyar kuma ta ƙirƙira ce mai sihiri da dodanni da masarautun da babu su a taswira. Turawa ne suka mai da shi kasuwa, amma mu ma ba baƙonmu ba ne, Ruwan Bagaja da Ganɗoki da suka fito a 1934 ai cike suke da aljannu da tafiye tafiyen ban mamaki, sai dai a cikinsu soyayya ba ita ke jan labarin ba. 'Yan lise ɗinmu, wato makarantar sakandare, da Faransanci suka fi karanta na Turawan, a Wattpad, manhajar karanta labarai a waya, ko wanda aka turo a gurup ɗin WhatsApp.

Tambaya: Soyayyar tana ɓata labarin ne ko tana gyara shi?

Amsa: Ni dai ina son soyayya a labari, wallahi ina so. Abin da ke min ciwo shine inda take cinye jarumar gaba ɗaya. Za ki ga yarinya a babin farko tana da abin da ya dame ta, an sace ƙaninta ko an ƙone garinsu, ta ɗaura ɗamara ta koyi harbi da baka ta bar gida cikin dare, kina binta zuciyarki na bugawa, sai kawai wani ɗan sarki mai dogon gashi ya ɓullo a babi na biyar, daga nan shikenan, shafi goma ana bayanin idonsa da ƙamshinsa, ƙanin da aka sace kuwa ba a sake ambatonsa sai can ƙarshe. Toh wannan ba ita ba ce yarinyar da na fara karantawa. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: ki cire saurayin daga labarin a ranki, ki duba ko jarumar tana da sauran abin da take nema. In tana da shi, marubuciyar ta iya aikinta, soyayyar ta zama kamar gishiri a miya. Wadda ta fi daɗi ma ita ce wadda ta taso a hankali cikin wahalar tafiya, ya raba mata ragowar ruwan gorarsa, ta ɗaure masa rauni, sun yi gardama kan hanyar da za a bi kuma ita ce ta yi daidai ya yarda.

Tambaya: Me ya sa kullum samari biyu ne ke son yarinya ɗaya?

Amsa: Kasuwa ce. Tun da littafin Twilight ya fito a 2005 (Fascination ake ce masa a fassarar Faransanci) masu karatu suka rabu gida biyu kowa da gwaninsa, masu buga littafi suka ga abin yana sayarwa. Yana yin ma'ana ne kawai idan samarin biyu suna nufin rayuwa iri biyu da dole ta zaɓi ɗaya ta rasa ɗaya. In ba haka ba tun shafin farko mun san wanda za ta ɗauka.

Tambaya: Ni saurayin da ya fara tsanarta daga baya ya so ta ya fi burge ni, laifi ne?

Amsa: Ba laifi ba ne ƙanwata, sauyin zuciya yana da daɗin karatu. Amma ki lura da kyau, ya canza ɗin da gaske ko kuwa labarin ne ya yafe masa saboda kyawunsa? Wanda ke bin sawunta, ya hana ta ganin ƙawayenta, ya daka mata tsawa sannan a ce wai tsananin so ne, wannan in a gidan maƙwabta kika gani ai kuka za ki taya ta. Ƙari kuma wasunsu aljannu ne masu shekara ɗari da wani abu, ita tana 17, shima abin dubawa ne.

Tambaya: Ni uwa ce, in bar 'yata ta karanta?

Amsa: Hajiya ki bar ta, karatu ne, Faransancinta ma zai ƙaru kafin jarabawar bak ta kammala sakandare. Sai dai ba duk abin da ke yawo a waya aka rubuta don 'yan shekarunta ba, akwai na manya masu bangon da ya yi kama da na yara, a Wattpad ma akwai alamar da ake sa wa na manya, ki duba ta. Ki karɓi wayar ki karanta babi biyu daga tsakiya, ba daga farko ba, in kuma Faransancin zai miki wuya ki ce ta ba ki labarin da Hausa bayan sallar isha'i, ki tambaye ta abin da jarumar ke nema da kuma yadda saurayin ke mata magana in ransa ya ɓaci.