Waiwaye: Yadda sunayen magina da marubuta suka zama siffa a Turanci

Idan Bature ya ce wata doka "Orwellian" ce, to kushe ta ya yi. Nufinsa gwamnati ta zuba wa jama'a ido ko'ina, tana murɗe ma'anar kalmomi don ƙarya ta samu wurin zama. Wannan halin kuwa shi George Orwell ya yaƙa a littafinsa 1984, wanda ya fito a 1949, sai ga sunansa ya zama laƙabin abin da ya tsana. Sunan ma ba na yanka ba ne. Eric Blair aka raɗa masa, Orwell kogi ne a gabashin Ingila.

"Palladian" ta girme ta nesa ba kusa ba. Andrea Palladio, haifaffen Padua a Italiya (1508 zuwa 1580), da sassaƙar dutse ya fara, har wani masani mai suna Trissino ya ja shi a jiki, ya laƙaba masa wannan suna daga Pallas Atina, gunkiyar hikima ta Girkawa. Littattafansa huɗu kan gini sun fito a 1570. Inigo Jones, magini ɗan Ingila, ya je Italiya ya gani da idonsa, ya dawo ya fara ginin Queen's House a Greenwich a 1616. A ƙarni na 18 attajiran Ingila suka rungumi salon: ginshiƙai a fuskar gida, hagu daidai da dama, taga mai baka a tsakiya da gajeru biyu a gefenta.

A ganina magini ya fi sa'a, domin siffarsa na nuna abin da ya ƙaunata. Marubuci kuwa sau da yawa da abin da ya tona ake tuna shi. "Dickensian", daga sunan marubuci Charles Dickens, talauci ce da yara masu aikin wahala a Landan ta ƙarni na 19. "Kafkaesque" ita ce a yi ta tura mutum daga wannan ofis zuwa wancan, ba wanda zai gaya masa laifinsa. Franz Kafka, wanda ya rasu a 1924, ya ma bar wasiyya ga abokinsa Max Brod ya ƙone rubuce-rubucensa, Brod ya ƙi.

Mu ma mun san irin wannan ɗafi da ake liƙa wa ƙarshen suna, ga Ƙadiriyya da Tijjaniyya. Na Turawa biyu ne suka fi yawo: -ian daga Latin, -esque daga Faransanci. Wani sunan dai sai an gyara masa baki kafin ya karɓi ɗafin. Sunan marubuci Bernard Shaw bai ba da "Shawian" ba, sai da aka mayar da w zuwa v irin ta Latin, aka samu "Shavian".